Masu Gyaran Kayan Sauti a Ƙasar Haɗejiya: Daga Tsirkiyar Gurmi Zuwa Fedar Eko

Daga cikin sana'o'in da marubuta tarihin ƙasar Hausa suka yi wa rowar tawada, alhali kuwa babu biki, babu wa'azi, babu mauludi, babu taron siyasa da zai tsaya da ƙafarsa in babu su, akwai sana'ar mutanen nan da ake kai wa kayan sauti idan sun yi shiru. An wallafa littattafai a kan makaɗa da mawaƙa, an tsara nasabarsu, an tattara waƙoƙinsu, har jami'o'i sun ba wasunsu digirin girmamawa. Amma wanda ya ɗaure fatar, ya liƙe tsagar kakaki, ya farfaɗo da amfilifaya ana saura sa'a guda a buɗe majalisi, shi ba a san sunansa ba sai a unguwarsu. Nufina a wannan maƙala in bi sawun wannan sana'a a Haɗejiya da fadamarta, tun daga zamanin duma da fatar guza har zuwa ɗan akwatin nan da masu jita suke takawa da ƙafa domin ya maimaita musu sauti, wanda ake kira fedar eko, domin a ganina wanda ya iya gano illar gurmi da wanda ya iya gano illar wannan akwati tafarki ɗaya suke bi, ko da yake na farkon bai taɓa haɗa aikinsa da wutar lantarki ba.

Ƙasar Haɗejiya shimfiɗaɗɗiya ce, kogi ya ratsa ta yana rarrabuwa cikin fadamu har ya doshi Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Ba ta da duwatsu irin na Dutse ko na Birnin Kudu, inda masu binciken kayan tarihi suka tarar da duwatsun kiɗa a shekarun 1950. Wannan kuwa yana da nasaba da zancenmu, saboda sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda, kuma kunne ba ya rarrabe murya da amsawarta sai tsakaninsu ya kai wajen ushirin sakan, wato sai abin da muryar za ta doka ta dawo ya yi nisan kimanin mita 17. Saboda haka Bahaɗeje na dā bai saba jin muryarsa ta komo masa ba sai in ya tsaya daura da ganuwa ko ya leƙa rijiya mai zurfi. A sararin fadama kuwa, masunci yakan yi kira muryar ta bi ruwa ta tafi abinta. Amma duk da haka kunnen Bahaushe ya daɗe da son maimaici, ya kuwa sama wa kansa shi ta hanyar 'yan amshi, waɗanda suke karɓe ɗan waƙa daga bakin ubangidansu su mayar masa, shi kuma ya sami sararin numfashi da na tunanin abin da zai ƙara. Wanda ya riƙe wannan a zuciyarsa ba zai yi mamakin yadda na'urar eko ta sami karɓuwa ba ranar da ta iso.

Kafin jihadi, ƙananan masarautun wannan yanki, irin su Auyo da Garun Gabas da ita Haɗejiya, suna ƙarƙashin inuwar Barno ne ta hannun Galadima da ke Nguru. Bayan jihadi kuma, tun daga Sarki Sambo da ya hau a 1808, aka haɗe su sarauta guda. Fada irin wannan, wadda ke kan iyaka tsakanin daula biyu, ta Barno da ta jihadi, kuma ta yi zamanin yaƙe-yaƙen Sarki Buhari har zuwa rasuwarsa a 1863, ba ta rabuwa da tambura da kakaki da algaita, domin da su ake sanar da fitowar sarki, da su ake tara mayaƙa. Kowane ɗaya kuwa yana da mai jinyarsa. Tambari yana bukatar fatar sa da wanda ya san yadda ake jiƙa ta a ja ta. Algaita tana bukatar sabon baki na ciyawa duk sa'ad da tsohon ya tauye. Kakaki kuma, da yake dogon bututu ne na ƙarfe mai gaɓoɓi, ba shi da maƙiyi kamar tsaga a mahaɗa, wadda iska za ta riƙa zurarewa ta cikinta har mabushi ya cika kumatu a banza. Maƙeran farfaru su ne masu maganin wannan, da dalma da sinadari da ƙarfen da ake gasawa a gawayi. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan dalma, domin ita ce kaɗai kayan aikin da ta ratso dukan zamunan da za mu ambata ba ta sauya ba.

A wajen talakawa kuwa, fadama ce take ba da kayan kiɗan. Duma daga gona, fatar guza daga bakin ruwa, izga daga wutsiyar doki, sanda daga daji. Gurmi, wanda aka san shi da zuga 'yan kokawa, kuma wanda Alhaji Haruna Uji ɗan Haɗejiya ya fitar da shi daga fagen kokawa ya kai shi gidajen rediyo har duk ƙasar Hausa ta san muryarsa, ba komai ba ne illa ɓarin duma da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya bisa ɗan itacen da ake kira jaki. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi yawan cuta ba. Idan mai gurmi ya ji muryarsa ta dushe, ba ya fara da yanke fata, domin fata ita ce mafi tsada da wuyar ɗauri. Tsirkiya yake fara taɓawa ya ji ko ta saki. In lafiyarta lau, ya duba jaki ko ya goce daga mazauninsa. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa fatar da farce, in ya ji ta yi laushi saboda raɓar damina sai ya kara ta kusa da wuta ko ya shanya ta a hantsi. Sai duk waɗannan sun kuɓuta daga tuhuma ne yake juya duman yana bin sa da yatsa yana neman tsaga ko hudar gara. Ƙa'idar a nan a fili take: a fara da abin da ya fi saurin lalacewa kuma ya fi arhar gyara, a sauya abu ɗaya tak a kowane mataki, a saurara kafin a matsa gaba. Daga baya kayan sun sauya, zaren kamun kifi na roba da wayar birkin keke suka maye gurbin jijiya da izga a wurare da yawa, har kuntigin Ɗan Maraya Jos ma da gwangwanin kifi ake yin sa. Amma ƙa'idar ba ta motsa ba.

Dalilin da ya sa ba a rubuta tarihin waɗannan mutane ba, ba boyayye ba ne. Alƙalami a hannun malamai yake, malamai kuwa suna da saɓani a kan kayan kiɗa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin ɗabi'un sarakunan da ya soka a Kitabul Farƙi, ko da yake an bar gangar yaƙi da ta tara jama'a. Ba ni da nufin shiga wannan mas'ala, tana da ma'abotanta. Abin da kawai nake nunawa shi ne, a al'ummar da makaɗi kansa yake zaune a ƙasan tabarma, mai yi masa gyara ba zai sa ran a ambace shi a littafi ba. Hatta David Ames da Anthony King, waɗanda suka wallafa ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa a 1971 suka adana mana sunayen sassan kayan kiɗa masu yawa, kayan da makaɗan ne suka fi ɗaukar hankalinsu.

A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka auka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a mai yawa, zamani kuma ya juya. A 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru ta ratsa Malam Madori, gyaɗa ta riƙa fita, hajar kanti ta riƙa shigowa. A cikin wannan haja akwai garmaho, wanda maƙeri da mai gyaran agogo suka raba jinyarsa, tun da yake cutarsa ba ta wuce tsinkewar naɗaɗɗen ƙarfen da ake wanawa da dakushewar allura ba. Rediyo ce ta haifi sabon mai sana'a. An fara rarraba shirye-shirye ta waya a Kano a 1944, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, a daidai lokacin da taransisto, wanda aka ƙago a Amurka a 1947, ya mai da rediyo abin da Bafulatani zai rataya a kafaɗa ya bi shanu da shi cikin fadama. Kamfanin Philips kuma ya fito da kaset a 1963, bayan 'yan shekaru rikoda ta cika kasuwanni. Daga nan kowace babbar kasuwa ta sami rumfar mai gyaran rediyo, da teburinsa cike da gawarwakin akwatuna waɗanda yake cirar sassa daga jikinsu, da ƙarfen dalmarsa a kan gawayi saboda ranar da babu wuta, da yaransa da iyayensu suka damƙa masa amana kamar yadda ake kai yaro maƙera. Mafi yawansu ba su karanta zanen da'irar lantarki ba. Da kunne da hanci da tajriba suka koya, kuma haƙiƙa sun koya.

Yanzu sai mu leƙa ƙetare mu ga inda ita na'urar eko ta fito. Asalinta zaren ɗaukar magana ne. A rikoda akwai kan da yake rubuta sauti a jikin zare, akwai kuma kan da yake karantawa. Idan aka jera su da ɗan tazara, aka bar zaren yana wucewa, abin da na farko ya rubuta sai ya ɗan jima kafin na biyu ya karanta shi, jinkirin kuwa gwargwadon tazarar ne da saurin zaren. In aka ɗebi wani abu daga abin da aka karanta aka sake mai da shi ga kan rubutu, sai amsawar ta yi ta haihuwar wata tana raguwa har ta ɓace. Les Paul, wani gwanin jita na Amurka, yana cikin waɗanda suka fara wasa da wannan hikima, Sam Phillips kuma ya yi amfani da rikoda biyu a ɗakin ɗaukar waƙarsa na Memphis ya sa wa muryar Elvis Presley gajeriyar amsawa a 1954. A 1958 Charlie Watkins ya fito da Copicat a London, a 1974 kamfanin Roland na Japan ya fito da Space Echo, wadda irin su Lee Perry na Jamaika suka gina salon kiɗa sukutum a kanta. Cututtukan waɗannan injuna su ne zare ya gaji, kai ya yi dauɗa, robar da ke jan zare ta taurare ko ta saki, wato dai ainihin cututtukan da mai gyaran rikoda na kasuwar Haɗejiya yake warkarwa kullum da auduga da sifirit da sabuwar roba.

Zare yana da nauyi da yawan laulayi, saboda haka aka nemi hanyar jinkirta sauti ba tare da wani abu mai juyawa ba. A 1969 wasu masana biyu na kamfanin Philips a Holand, Sangster da Teer, suka ƙago wata 'yar na'ura wadda aikinta ya yi kama da sahun mutane ranar gobara, kowa yana karɓar bokiti daga na bayansa ya miƙa wa na gabansa: ana yanka sautin gutsi-gutsi, kowane gutsure ya zama ɗan cajin lantarki, a riƙa miƙa shi daga ma'aji zuwa ma'aji bisa bugun wani agogo na lantarki har ya fita ta ƙarshe. Wadda ta fi shahara a cikinsu, MN3005 ta kamfanin Panasonic, tana da matakai 4096, idan kuma agogon yana bugawa sau 10,000 a sakan, sautin yakan yi kimanin humusin sakan kafin ya fito. In aka rage saurin agogo jinkiri ya ƙaru, amma sai muryar ta dushe, kuma ƙarar agogon kansa ta fara kutsowa, shi ya sa amsawar fedojin da aka yi da irin wannan na'ura take da duhu-duhu, abin da masu jita suka mayar abin so. Da irin wannan aka yi fedar DM-2 ta kamfanin Boss a 1981. Ba a jima ba kamfanin ya fito da DD-2, wadda take mai da sauti lambobi ta ajiye su sa'an nan ta karanto. Daga ƙarshe wani kamfani na Taiwan, Princeton Technology, ya ƙera wata 'yar na'ura, wato aisi, mai ƙafa 16 da ake kira PT2399, domin injunan da mutane ke rera waƙa a kansu a gidajen shaƙatawa, mai arha ƙwarai, mai iya jinkirin da ya kai wajen sulusin sakan. Wannan 'yar aba, wadda ba ta kai ƙwayar dabino ba, ita ce a yau take cikin ɗimbin fedoji masu sauƙin kuɗi da amfilifayoyi da mikisoshin da ake haya.

A nan ne tarihinmu ya saɓa da na Turai. Su ta hannun mai jita eko ta shiga kunnensu, mu kuwa ta makirfo ta shigo mana. Jita baƙuwa ce a Haɗejiya har gobe; an fi ganin ta a majami'u da ƙungiyoyin kiɗan birane, irin ta Bala Miller mutumin Zariya, da kuma wajen 'yan'uwanmu na Nijar, inda Buzaye suka mai da ita tasu, har Mdou Moctar ya sauko Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Abin da ya cika ƙasarmu shi ne amfilifaya da ƙahon lasifika, irin na kamfanin Ahuja na Indiya da makamantansa, waɗanda suka yawaita tun daga shekarun 1970, suka hau hasumiyar masallaci da rufin motar mai tallar magani da rumfar biki. Da aka fara samun masu maɓallin eko, sai sha'iri mai begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba shi da 'yan amshi sai biyu, ya ji muryarsa ta cika fili; sanƙira ya ji kirarinsa yana bin bayan kansa; mai fiyano kuma, bayan finafinan Hausa sun kafu a Kano daga 1990, ya mai da ita gishirin kowace waƙa. Saboda haka idan yau aka kawo wa mai gyara fedar eko ta wani mai jita, ko da bai taɓa riƙe irinta ba, da ya kwance ta zai tarar da tsohuwar sananniyarsa a ciki.

Bari mu zauna kusa da shi mu ga yadda yake yi, domin a nan ne darajar sana'ar take. Mai hankali a cikinsu ba ya fara da sukurdireba, da tambaya yake farawa: "Alhaji, ranar da ta ɗauke, da me aka ba ta wuta?" Tambayar tana da hujja. Galibin fedoji bolt 9 suke ci, kuma bisa al'adar da Boss ta shimfiɗa, tsakiyar bakin adaftarsu ita ce korau, gefen kuma shi ne ɗorau, alhali yawancin adaftocin da ke yawo a gidajenmu, na dikoda da makamantansu, akasin haka suke, da yawansu ma bolt 12 ne. Bakin kuwa iri ɗaya ne, yana shiga lafiya lau. Wanda ya ari adaftar maƙwabci ya soka, ya juya wa fedar wuta ke nan, ɗan dayod ɗin da aka sa domin tsaro sai ya ƙone ya toshe hanya. Shi ya sa za ka ga maigidan ya kai akwatin hancinsa kafin ya kai shi ga mita, yana neman ƙaurin ƙuna. In ba wannan ba ne, sai ya gwada batir, domin a irin waɗannan fedoji soka wayar jita ita ce take kunna batir, wanda ya kwana bai zare ta ba zai wayi gari batir ya mutu. Sa'an nan ya ce wa yaronsa ya miƙo wata waya da aka tabbatar da lafiyarta, saboda sau da yawa fedar ba ta da laifin komai, wayar ce ta tsinke a wuya. Sa'an nan ramukan da ake soka waya, waɗanda harshensu yakan saki ko ya yi tsatsa. Sa'an nan makunnin da ake takawa, wanda shi ne ya fi kowa shan wahala.

Idan duk waɗannan sun barranta, sai ya kasa kunne ga wata alama guda wadda take raba aikin biyu. A cikin fedar sauti yakan rabu hanya biyu, ɗaya ta wuce kai tsaye, ɗaya ta bi ta na'urar jinkiri, su sake haɗuwa a bakin fita. In babu sauti ko kaɗan, illar tana wajen wuta ko mashiga ko mafita. In kuwa sautin jitar yana fita garau amma babu amsawa, to an tsare ɓarawon a ɗaki ɗaya. Sai ya ɗora mita a ƙafar farko ta PT2399 ya ga ko bolt 5 sun iso, a ƙafa ta biyu kuma ya ga ko akwai rabin haka. In babu, tuhuma ta koma kan ɗan abin nan mai ƙafa uku da yake rage 9 zuwa 5. In wuta ta cika, sai ya ɗauko kayan aikin da ya ƙera da hannunsa, wato waya mai kafasita a baki wadda ɗaya ƙarshenta yake jone da amfilifaya. Ya saka karatu ko waƙa daga wayar salula ta mashigar fedar, ya riƙa dangwala bakin wayar a kan allo mataki bayan mataki, yana jin muryar a nan, yana jin ta a can, har ya iso wurin da ta shiga ba ta fito ba. Ɗalibin ilmin hadisi ba zai ga baƙon abu a wannan ba, domin shi ma silsila yake bi mutum bayan mutum har ya tsaya a kan wanda illar ta ɓuya a wurinsa.

Sauran alamomin kowace da fassararta. Ƙarar ƙwarƙwasa sa'ad da aka murɗa maɓalli, ƙura ce. Sautin da yake zuwa yana ɗaukewa in an jijjiga akwatin, dalma ce ta tsage a ƙafar wani abu, akan gano ta da ƙwanƙwasa sassan da ɗan tsinke ɗaya bayan ɗaya. Amsawar da take hauhawa maimakon ta ragu har ta zama kururuwa, a duba maɓallin da yake mai da sauti baya. A tsofaffin fedoji masu MN3005 kuwa, amsawa mai kaushi ko siririn fito a bayan sauti yana nuna ƙananan maɓallan saiti na cikin allo sun goce, kuma a nan ne ake gane gwani da ɗan koyo: gwani ba ya taɓa su sai ya sa wa kowanne alama a inda ya tarar da shi, kuma ɗaya yake murɗawa a lokaci guda. Ɗan koyo, da wanda gaggawar kuɗi ta kama, shi ne yake murɗe su duka, ko ya ɓamɓare aisi mai lafiya ya ce ita ce, alhali Panasonic ta daɗe da daina ƙera irinta, jabunta kuma sun yi yawa a kasuwa. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, kuma cin amana ne ko da ba da niyya aka yi ba.

Shekarar Haɗejiya kanta ta raba wa mai gyara aikinsa kashi uku. Hunturu yana kawo ƙura mai laushi wadda babu ramin da ba ta shiga. Bazara, sa'ad da zafi yake haura digiri 40, tana busar da ruwan da ke cikin kafasitoci, masana kuwa sun ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin waɗannan. In ka ga kan kafasita ya kumbura, ta gama aiki. Damina kuma tana kawo laima da tsatsa, a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 kuwa har da kayan da suka kwana cikin ruwa da taɓo. Shawarar masu gyara a kan wannan guda ce, kuma daidai ce: kada a kuskura a ba kayan wuta domin a ga ko suna aiki, a cire batir, a buɗe, a wanke taɓon, a bi da sifirit, a bar su su bushe sarai. Abin da ruwa bai kashe ba, gwajin gaggawa ne yake kashe shi. A kan waɗannan uku sai a ƙara hawa da saukar wuta da janareta marar saiti, waɗanda ba su da lokaci.

Akwai wata magana da ba zan iya haɗiyewa ba, ko da yake ta ɗan fita daga gyara. Eko ado ce ga waƙa, amma na sha jin an buɗe ta har ƙarshe a wajen karatun Alƙur'ani da huɗuba, harafi ya hau kan harafi, ƙarshen aya ya rufe farkon mai bi mata, dattijon da ke sahun baya ya kasa tsintar kalma ɗaya. Malaman tajwidi sun ƙarar da rayuwarsu a kan ba kowane harafi haƙƙinsa daga mafitarsa, bai kamata ɗan maɓalli ya rushe wannan ba. Mai gyaran da aka kira ya haɗa wa masallaci kayan sauti, ya san cewa rage wannan maɓalli yana cikin aikin da aka ba shi amana, ko da ba a faɗa masa ba.

A yau sana'ar tana cikin ƙunci. Sababbin kaya da sassa ƙanana kamar ƙwayar gero ake yin su, an manne su a allo ta yadda ƙarfen dalma na gargajiya ba ya iya ɗaga su, farashinsu kuma ya sa mai kaya yakan ga sayen sabo ya fi masa jiran a aika Kano neman abin da ya ƙone. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, yara masu kaifin basira can suka karkata, ba kuwa za a zarge su ba, tun da can ne abinci yake. Sai dai gyaran waya ya fi karkata ga cire allo a sa wani, bin sawun illa har maɓoyarta kuwa yana raguwa. Masu ɗaurin gurmi da goge su ma tsufa suke yi, magadansu kaɗan ne.

Saboda haka ina kira ga Masarautar Haɗejiya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, da hukumomin ilmin sana'a na Jihar Jigawa, da su aika ɗalibai rumfunan dattawan nan tun suna raye, da takarda da na'urar ɗaukar magana, a rubuta sunayensu da na waɗanda suka koya musu, a rubuta sunan da suke kiran kowane sashe da kowace cuta da Hausa, a kuma gayyato su aji su gwada wa yara aikin da hannunsu, a biya su ladan malanta. Kai kuma mai kaya, in fedarka ko amfilifayarka ta yi shiru, kada ka jefar da ita bayan ɗaki. Ka kai ta wurin mai gyara tare da adaftar da ka yi amfani da ita, ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, in ya gyara kuma ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.